Damuwa Kaya Ce, a Koyi Sauke Ta: Darasi daga Unguwar Briqueterie

Abin da za mu koya

A wannan darasi za mu ga abin da yawan damuwa yake yi wa jiki, da alamomin da ake gane shi da su, da hanyoyin rage shi, da lokacin da ya kamata a je asibiti ba tare da jinkiri ba. Ana iya karanta shi a gida, ko a taron mata, ko a taron matasa.

Ɗan dako da buhunsa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa ya ga ɗan dako. Yakan naɗa gammo, a ɗora masa buhun masara, ya kai inda aka aike shi. Da ya isa sai ya sauke, ya miƙe wuya, ya sha ruwa, ya huta kafin ya ɗauki wani. Shi ya sa yake iya yin shekaru yana wannan aiki. Da a ce buhun zai wuni a kansa, ya kwana a kansa, ya wayi gari a kansa, da ko mako ɗaya ba zai yi ba.

Haka damuwa take. Kowane mai rai yana ɗaukar tasa, kuma an halicci jiki da ƙarfin ɗauka. Abin da yake kawo ciwo shi ne kayan da ba a saukewa.

Unguwar da 'yan'uwanmu suke zuwa nema

A Yawunde, babban birnin Kamaru, akwai unguwar da ake kira Briqueterie. Sunan na Faransanci ne, ma'anarsa wurin yin tubali, domin an yi masana'antar tubali a wurin tun zamanin mulkin Jamusawa. Sunan wurin na asali Ekoudou. Hausawa fatake sun daɗe da zama a nan, har unguwar ta zama masaukin mutanen arewa: Hausawa, Fulani, Barebari da sauransu. A nan babban masallacin birnin yake. An san unguwar da teloli, da shagunan shadda da atamfa, da masu tsire da kilishi. Kasuwar Mokolo tana kusa da ita.

Saurayi yakan hau jirgin ƙasa a Ngaundere da yamma, ya yi tafiyar da ta wuce kilomita 600, gari ya waye masa a Yawunde. Wani daga Garwa ya taso, wani daga Marwa, wani ma daga Nijeriya ko Nijar. Yakan sami mai jin harshensa da mai ba shi masauki, wannan kuwa alheri ne babba. Amma yakan tarar da abin da bai saba ba. Ɗaki ƙarami ne, mutane da yawa a ciki, kuɗin haya yana jira kowane wata. Ruwa na kuɗi, itace na kuɗi, hatsin da yake ɗiba a rumbu a gida yanzu sai ya auna da kuɗi. A ofis da Faransanci ake magana. Da damina ruwa yakan shiga gidajen da ke kwari. Wasu kuma sun baro iyaye a yankin Arewa Mai Nisa, inda rikicin Boko Haram ya addabi mutane tun daga 2014, kullum waya ta yi ƙara sai gabansu ya faɗi.

Misali: tela a jajibirin salla

Bari mu ɗauki misalin wani tela mai shekara 42. Saura mako biyu salla, ya karɓi ɗinki fiye da ƙarfinsa domin bashin haya na wata biyu yana kansa, ga zubin adashi. Dare yake raba wa a kan keke. Don kada barci ya ɗauke shi yana ta shan shayi mai kauri yana cin goro. In an ɗauke wuta sai ya zauna cikin duhu yana lissafi. Daga ƙauye kuma waya ba ta yankewa: kuɗin taki, kuɗin makarantar ƙane, kayan ɗakin ƙanwa. Bai taɓa cewa babu ba, domin a gida an ɗauka duk wanda yake birni ya samu.

Sai ƙeya ta fara yi masa ciwo. Zuciyarsa takan buga da ƙarfi ko yana zaune. Ya daina jin daɗin abinci. Yaronsa na shago ya ɓata wuyan riga ɗaya, ya kusa dukansa, shi da ba a san shi da faɗa ba. Sau biyu yana sayen maganin zazzaɓin cizon sauro ya sha, bai ji sauƙi ba. Da matarsa ta matsa, sai ya je ɗakin shan magani. Aka gwada jininsa, babu zazzaɓi. Nas ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta ga 160 bisa 100.

Ta ce, "Malam, awa nawa kake barci?"

Ya ce, "Uku, wata rana huɗu. Aiki ne ya yi yawa, Malama."

Ta ce, "In ka kwanta fa, barcin yana zuwa?"

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Tunani ba ya bari."

Ta ce, "Wa ka gaya wa?"

Ya ce, "Ai namiji ba ya kai kuka."

Mu riƙe wannan magana tasa, za mu komo kanta.

Abin da yake faruwa a cikin jiki

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama. In mutum ya gamu da haɗari, misali ya ga maciji a gona, ƙwaƙwalwa takan aika mata da saƙo nan take, sai ta zuba wasu sinadarai cikin jini. Likitoci suna kiransu adirenalin da kotizol. Sai zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya ƙaru, jini ya hau, sukari ya yawaita a jini, tsokoki su ɗaure, ciki ya dakatar da narkar da abinci. Duk wannan shiri ne don mutum ya gudu ko ya kāre kansa. In maciji ya wuce, jiki yakan koma daidai.

Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta maciji da mai gidan haya. Bashi, rashin aiki, rigimar gida, jinyar yaro, tsoron kora, duk suna tayar da wannan shiri. Maciji yana wucewa cikin minti ɗaya, bashi kuwa yana kwana yana tashi tare da mutum. In aka yi watanni a haka:

1. Jini yakan yawaita hawa, zuciya da jijiyoyi su gaji.
2. Barci yakan lalace, rashin barci kuma ya ƙara damuwa.
3. Mai ciwon sukari yakan ga sukarinsa ya ƙi sauka.
4. Ƙarfin jiki na yaƙi da cuta yakan ragu.
5. Ciwon ciki da ƙwannafi sukan tsananta.

Alamomi

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ga abin da za a duba.

A jiki: ciwon kai ko na ƙeya, ɗaurewar wuya da kafaɗa, bugun zuciya, faɗuwar gaba, gajiya ko ba a yi aiki ba, rashin cin abinci, gudawa ko taurin bayan gida, raguwar sha'awa tsakanin miji da mata.

A zuciya: tunani ɗaya yana ta juyawa, mantuwa, tsoron da ba a san dalilinsa ba, jin cewa komai ya tsaya.

A hali: saurin fushi, dukan yara a kan abu kaɗan, guje wa mutane, daina zuwa suna da biki, yawan taba ko giya ko ƙwaya.

Mata ma sukan ɓoye tasu. Mace tana ɗaki ɗaya da yara biyar, tana sana'ar abinci, tana goyo, danginta suna nesa, babu wanda za ta yi wa hira. In ta je asibiti sai ta ce jikinta ne duk yake ciwo. Yara kuma sukan nuna tasu da fitsarin kwance, ko ciwon ciki da safe, ko faɗuwa a makaranta.

A lura: waɗannan alamomi suna iya zama na wata cuta dabam, kamar zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini ko tarin fuka. Kada mutum ya yanke wa kansa hukunci. A je a gwada.

Shin ciwon baƙar fata ne?

An daɗe da sanin cewa hawan jini ya fi yawa a cikin baƙar fatar Amurka a kan fararen ƙasar. Wasu suka ce ai a jininmu yake, babu abin yi. Sai wani likita mai suna Richard Cooper da abokan aikinsa suka auna mutane dubbai waɗanda duk asalinsu Afirka ta Yamma ne, a Nijeriya, da Kamaru, da tsibiran Karibiyan, da Amurka. Suka buga sakamakon a 1997. A Afirka ta Yamma kimanin mutum 16 cikin 100 ne suke da hawan jini, a Karibiyan 26, a Amurka 33. A cikin Kamaru ma mutanen birni sun fi na ƙauye.

Asali ɗaya, fata ɗaya, amma ciwon ya ninka. Abin da ya bambanta shi ne irin zaman: ƙiba, yawan gishiri, ƙarancin motsa jiki, da matsin rayuwa. A Amurka wani masani, Sherman James, ya nuna cewa a cikin baƙar fata matalauta, waɗanda suke ta fafutuka ba dare ba rana, su kaɗai, ba tare da abin hannu ko mataimaki ba, sun fi fuskantar hawan jini. Wariya da raini su ma kaya ne da jiki yake ɗauka.

Gado yana da nasa rabo, gaskiya ne. Wanda iyayensa suka yi hawan jini ya ƙara kula. Amma darasin yana da daɗin ji: tun da irin zama yana hawar da ciwo, gyaran zama yana iya saukar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, domin sau da yawa ba ya nuna alama. Awo ne kaɗai yake faɗa.

Hanyoyin da suke ƙara nauyi

*Taramol.* Maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita yake rubutawa. Wasu 'yan babur da leburori suna shansa don su daɗe suna aiki. Yana kama mutum har ya kasa bari, yana kawo farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi, ga haɗari a hanya.

*Giya, wiwi da taba.* Suna rufe tunani na ɗan lokaci. Gari ya waye bashi yana nan, kuɗi sun ragu, jini ya ƙara hawa.

*Shayi mai kauri, kofi da goro da dare.* Suna korar barci, suna ƙara bugun zuciya.

*Maganin barci na tebur.* Kada a sha sai da izinin likita.

*Huce haushi a kan iyali.* Wanda ya daki matarsa ko ɗansa ya ɗora musu kaya ne, nasa kuma bai ragu ba.

Yadda ake sauke kaya

1. Faɗa wa wani. Tela ya ce namiji ba ya kai kuka. Amma ɗan dako, duk ƙarfinsa, yakan ce, "Kama mini in sauke." Ba wanda yake ganin gazawarsa. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma mai haƙuri ma yana neman shawara. A nemi mutum ɗaya mai riƙe sirri: aboki, miji ko mata, dattijo, limami, fasto, ko ma'aikacin lafiya. A ƙasar Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya koyar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ɗakin shan magani suna sauraron masu fama da yawan tunani, suna taimaka musu su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Da aka gwada, aka ga waɗanda suka zauna da su sun sami sauƙi sosai. Irin waɗannan iyaye mata muna da su a kowace unguwa.

2. Raba kayan gida biyu. A zauna a lissafa abin da yake damu. A ware wanda yake hannunka da wanda ba ya hannunka. Farashin taki ba ya hannunka. Yawan ɗinkin da za ka karɓa yana hannunka. Daga cikin na hannunka zaɓi guda ɗaya mafi sauƙi, ka fara da shi gobe. In bashi ne, je ka ga mai kuɗin ido da ido ku tsara biya kaɗan-kaɗan. Ɓuya daga mai bin bashi ya fi bashin cin rai.

3. Numfashi a hankali. Zauna, ka ɗora hannu a ciki. Ja iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, har ka ji ciki ya taso. Saki iskar a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Yi sau goma, safe da dare, da duk lokacin da gaba ya faɗi. Sakin numfashi a hankali yana gaya wa zuciya cewa haɗari ya wuce.

4. Barci. Babba yana bukatar awa 7 zuwa 9. A riƙa kwanciya a lokaci ɗaya. A bar shayi da goro tun la'asar. A ajiye waya nesa da shimfiɗa.

5. Motsa jiki. Manomi yana samun nasa a gona. Tela da mai shago da direba wuni suke a zaune. Tafiyar sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, tana rage damuwa da hawan jini. Yawunde gari ne na tuddai, tafiya ƙasa zuwa kasuwa ma ta isa.

6. Abinci. Gishirin da babba zai ci a wuni kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙulen miya da kilishi da yajin tsire. A ƙara ganye, wake da 'ya'yan itace. Kada a tsallake abincin safe.

7. Zumunci da ibada. Zuwa suna, gaisuwar makoki, zaman majalisa, ƙungiyar mata, duk magani ne. Addu'a da ibada suna kwantar da zuciya, kuma ba su hana shan magani.

8. Ranar hutu. Ko jaki ana sauke masa mangala. A ware rabin yini a mako wanda ba a aiki, ba a lissafi.

Magana ga mutanen gida

Ku da kuke ƙauye, kuna da hannu a lafiyar ɗanku da yake birni. Hoton da ya aiko muku cikin sabuwar shadda ba ya nuna ɗakin da yake kwana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku riƙa kiransa wani lokaci don gaisuwa kawai, ba roƙon komai. Ku tambaye shi ko yana barci, ko yana cin abinci. In bukata ta taso, ku sanar da shi da wuri, ku raba ta tsakanin 'yan'uwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ya ce babu, ku yarda. Kada ku auna shi da ɗan maƙwabci. In nema bai yi ba yana so ya komo gida, ku tarbe shi da fuska a sake. Kunyar komowa hannu wofi ta sa mutane da yawa sun zauna cikin wahala har ciwo ya kama su.

Kai kuma da kake birni, faɗa wa iyaye gaskiyar abin da kake samu. Ka yanka abin da za ka iya aikawa a wata, ka tsaya a kai.

Lokacin zuwa asibiti

A je nan take, ko da tsakar dare, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, ko magana ta harɗe. Alamar shanyewar ɓarin jiki ce.
- Ciwon ƙirji mai danna mutum, da gumi ko ƙarancin numfashi.
- Mai ciki tana ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu.
- Mutum yana cewa gara ya mutu, ko yana shirin kashe kansa. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari, igiya da makami. Tambayarsa kai tsaye ba ta sa shi aikatawa, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa.

A je cikin makon nan in baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun wuce mako biyu, ko mai jego ta kasa kula da kanta da jaririnta, ko mutum yana jin muryoyin da wasu ba su ji, ko ya kasa barin ƙwaya. Waɗannan cututtuka ne masu magani. Kada a ɗaure mutum, kada a doke shi. A Yawunde asibitin Jamot yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A ƙauye a fara da ɗakin shan magani mafi kusa, su za su tura gaba.

Kowane babba ya auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sake awo a wata rana dabam kafin a tabbatar. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya daina don ya ji sauƙi, sai in likita ya ce.

Ƙarshen labarin tela

Nas ta ce ya komo bayan kwana uku. Jinin yana nan sama, sai likita ya ɗora shi a kan magani. A daren nan ya gaya wa matarsa yawan bashin da yake kansa, ashe ita ma ta daɗe da lura, kunya ce ta hana ta tambaya. Ya mayar wa mutum huɗu da yadinsu, ya ba su haƙuri. Biyu sun yi fushi. Ya kira wansa a ƙauye ya ce kuɗin taki kaɗai zai iya bana, kayan ɗaki sai a haɗa hannu. Bashin haya bai ƙare a ranar ba, sai da ya ɗauki wata huɗu. Amma ya koma yin barci, kuma duk wata yana zuwa awo.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa uku ne suka fi damun mutane a garinku? Wanne ne yake hannunku?
2. Me ya sa maganin zazzaɓi bai yi wa tela aiki ba?
3. Tela ya ce namiji ba ya kai kuka. Me za ka ce masa?
4. Wa kake iya gaya wa damuwarka? Wa yake iya gaya maka tasa?
5. Faɗi alamomi huɗu da suke sa a tafi asibiti nan take.

Aikin wannan mako: Ku gwada numfashin nan sau goma tare, yanzu, kafin ku tashi. Kowa ya kira ɗan'uwa ɗaya da yake nesa don gaisuwa kawai. Wanda bai auna jininsa ba bana, ya je ranar kasuwa mai zuwa.